Tsohuwar 486 a sito: a sayar wa 'yan gwangwan ko a tashe ta?

Sani_Agege:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman daga manyanmu masu harkar kwamfuta a Ikeja. Muna kwashe tarkace a siton kawuna nan Agege sai ga wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin buhunan takardu. Irin kwantacciyar nan ce mai ruwan madara da ake ɗora monita a kanta. A gabanta akwai ramin disket biyu, babba da ƙarami, da wajen makulli, da wani maɓalli da aka rubuta Turbo. Na buɗe murfin, a jikin furosesar an rubuta Intel 486 DX2-66. Kawu ya ce da ita ya riƙa buga wa mutane takardu kafin ya koma harkar shanu, ya ce in yi yadda na ga dama da ita. Wani ɗan gwangwan ya taya a kilo. In sayar ne, ko akwai amfanin a tashe ta? Sannan Kawu ya dage cewa kwamfutocin da sun fi na yanzu ƙwari da amana, wai da gaske ne?

Injiniya_Bala_Otigba:
Wa alaikumus salam. Sani, don Allah kada ka jona ta a wuta tukuna. Juya bayanta, kusa da inda ake soka waya za ka ga wani ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Mafi yawan waɗannan tokumbo ne, wadda ta fito daga Amurka kuma tana zuwa a kan 115. Ka ba ta wutarmu a haka, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Mun taɓa samun wani yaro a shago da ya ƙona fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, na kwastoma a ranarsa ta farko saboda wannan ɗan makunnin.

Na biyu, duba madabod, wato babban faifan da komai ke haɗe a kansa, kusa da inda kibod ke shiga. Idan ka ga wani batir kamar ƙaramar ganga, shuɗi ko kore, an liƙe shi da dalma, ka lura ko ya zubar. Shi ne babban makashin 386 da 486. Ruwansa yana cin hanyoyin tagulla, za ka ga wani gari shuɗi-shuɗi a kewayensa. Ga kuma danshin Legas. Ɗauko hoto mu gani.

Maman_Ummi:
Ikon Allah! Sani ka tayar mini da tsohon tsumi. A irin wannan na koyi aiki a wata bizines senta a Obalende. Babu linzami, babu hoto, allo shuɗi fes na manhajar buga takardu WordPerfect 5.1, sai ɗan rubutu a ƙasan kusurwa yana nuna shafi da layi. F10 ka adana, Shift da F7 ka buga, F7 ka fita. Akwai wata 'yar takarda da ake shimfiɗawa a saman maɓallan F mai launi-launi don tuni, duk wadda aka ga tana leƙenta an san sabuwa ce. Lauyoyi su kawo takardun kotu, ɗalibai su kawo furojet, 'yan kasuwa su kawo wasiƙa. Firintarmu Epson LX-300 ce, idan ta fara kuka ba ka jin maganar na kusa da kai. Ribon ya bushe mu zuba masa tawada mu mayar.

Kuma ba a shiga ɗakin da takalmi. Da an tashi aiki a lulluɓe kowace da rigarta ta leda.

Abba_Dev:
Anti, Allah ya ƙara girma, amma maganar Kawun Sani ba ta kama hankali ba. Wannan na'urar 66 MHz take gudu, ram ɗinta da wuya ya wuce 8 MB ko 16 MB. Wayar da mai shayin layinmu ke riƙewa tana da 4 GB. Disket 1.44 MB yake ɗauka, hoto ɗaya na wayar yau ba zai shiga ba. Ina ƙarfin yake? Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in ji masu magana. Sani ka sayar ka sa data.

Injiniya_Bala_Otigba:
Abba, ba gudu Kawu yake nufi ba, jiki yake nufi. Ɗaga akwatin 486 ka ji nauyin ƙarfe. Kuma komai nata a warware yake: katin hoto daban, katin sauti daban, katin da ke kula da had-dis daban. Wanda ya mutu ka zare ka sa wani. Laftof ɗin da ake kawo mini yanzu ram ɗin ma a liƙe yake da madabod, abu kaɗan ya taɓu sai a ce canja bod gaba ɗaya.

Abba_Dev:
Na ji wannan, Injiniya. Amma waɗanda suka rage ne kuke gani kuna yabo. Dubban da suka mutu tun tuni suna bola, ba wanda yake ƙirga su. Kai da kanka ka ce batir yana cinye bod ɗinsu.

Garba_IdiAraba:
Yaron nan yana da gaskiya a nan. Ni ban manta da zamanin Pentium 4 ba, wajajen 2002 zuwa 2006, lokacin da kafasita suka riƙa kumbura a madabod. Ka buɗe ka ga kawunansu sun tashi, wasu sun fashe sun zubar da wani abu ruwan ƙasa. Kwamfuta ta riƙa kashe kanta tana kunnawa. A duniya baki ɗaya aka yi wannan annobar, ba mu kaɗai ba. Disket kuwa kada ma a yi maganar amanarsa. Ka adana aiki a Yaba, ka hau danfo, ka iso Ikeja, sai DOS, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kafin Windows, ta tambaye ka "Abort, Retry, Fail?" Ka danna R har yatsa ya gaji.

Maman_Ummi:
Malam Garba ka tuna mini da wata ɗaliba da ta zauna a benci tana kuka, furojet ɗinta gaba ɗaya a disket guda, ta saka shi a jaka kusa da rediyo. Daga ranar muka kafa doka, kowane aiki disket biyu. Amma dai kwamfutar kanta ba ta taɓa ba mu kunya ba sai in wuta ta ɗauke.

Kamalu99:
Ni tambayata Turbo ɗin nan. In ka danna sai ta ƙara gudu kamar mota?

Malam_Nasiru_Yaba:
Kamalu, akasin haka ma ya fi kusa da gaskiya. Gudunta na asali shi ne idan Turbo na kunne. Amfanin maɓallin shi ne a rage mata gudu. IBM PC ta farko da ta fito a 1981 tana da furosesa 8088 mai 4.77 MHz, kuma masu rubuta manhaja da yawa, musamman wasanni, sun auna lokacinsu da wannan gudun. Da 286 da 386 suka zo sai wasannin suka riƙa tsere, kafin ka taɓa maɓalli an kashe ka. Shi ne aka kawo dabarar rage gudu. Lambar nan da wasu akwatuna ke nunawa a gaba, 66 ko 33, ba auna komai take yi ba, da 'yan jamfa, wato ƙananan mahaɗan da ake sokawa a kan fil, ake saita ta a bayan allon. Masu haɗa kwamfuta a Otigba, layin kasuwar kwamfuta ta Ikeja, sun san haka sarai, ba sai na ƙarasa ba.

Ga jerin don yara: 286 a 1982, 386 a 1985, 486 a 1989, Pentium a 1993. Irin ta Sani, DX2-66, a 1992 ta fito. Amma mu nan sai da suka tsufa a Turai suka iso hannun talaka, shi ya sa za ka ga mutum yana koyon DOS a Legas alhali Windows 98 ta riga ta fito.

Injiniya_Bala_Otigba:
Malam Nasiru, ka ƙarasa mana, mu ma mu ji. Ni dai ban taɓa saita wa kowa 99 ba.

Ɗan_Bola_AlabaRago:
Salamu alaikum. Ni sana'ata kenan, gwangwan, kuma na ga ana ta ambatonmu. Sani, tunda ɗan zaure ne kai bari in faɗa maka gaskiya: wanda ya taya maka a kilo ya san abin da yake yi. Akwatin ƙarfe ne, kuɗinsa kaɗan. Abin da ake so shi ne furosesar nan ta tangaran mai ƙafafu ruwan zinariya, da bakin ram, da bakin katunan. Tsofaffin sun fi na yanzu zinariya nesa ba kusa ba, shi ya sa farashinsu daban ne, ba a haɗa su da sauran bod. Pentium Pro ita ce sarauniya, idan ka same ta ka yi sallar nafila. In za ka sayar, warware ta ka sayar kashi-kashi. Amma ni da tawa ce, kuma tana tashi, ba zan fasa ba. Da hannuna na farfasa irinta ba adadi, yanzu sai a yi watanni ban ga ko ɗaya ba.

Hauwa_Unilag:
Yaya mai gwangwan, ba raina sana'a ba, amma a riƙa kula da lafiya. Ƙona waya don a ciri tagulla da fasa tsohon monita ba ƙaramar illa suke yi ba, gilashin monita mai ƙeya akwai dalma a ciki. Tun 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta fitar da rahoto kan Legas, ta ce kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shigowa duk wata, kuma masu harkar sun shaida musu cewa har kashi 75 cikin ɗari na iya zama tarkacen da ba ya gyaruwa. Wato zamanin da muke kewa, shi ne kuma zamanin da aka mayar da mu juji.

Ɗan_Bola_AlabaRago:
Haka ne ƙanwata. Mu a wajenmu mun koma fere waya da wuƙa, amma ba kowa ke da haƙurin ba.

Alhaji_Mudi_Mile12:
Hauwa, maganarki gaskiya ce, sai dai ki haɗa da ɗaya gefen. Ba don tokumbon nan ba, da ɗan talaka bai taɓa kibod ba a lokacin. Sabuwa sai banki da kamfanin mai da ofishin gwamnati. Ni a Mile 12 nake harkar albasa, lissafinmu duk a littafi yake, har wani ɗan ƙanena ya haɗo mini Pentium a Otigba ya koya mini manhajar lissafi Lotus 1-2-3, daga baya Excel. Ranar da na ga na canja kuɗin mota ɗaya jimillar ta gyara kanta har ƙasa, kiran abokan kasuwa na yi su zo su gani. Wani dattijo ya ce a'uzu billahi ya fita.

Otigba ɗin ma da unguwar zama ce, gidaje da ofisoshi. A idonmu ta zama kasuwa a shekarun 1990, zuwan GSM a 2001 kuma ya cika ta maƙil har Pepple da Ola Ayeni. Yanzu shekara da shekaru ana maganar mayar da ita Katangowa.

Kamalu99:
Alhaji, wai da gaske da disket ake sa Windows?

Garba_IdiAraba:
Ƙwarai. Windows 95 disket 25 ce ko fiye, ka zauna kana ciyar da ita ɗaya bayan ɗaya.

Malam_Nasiru_Yaba:
Malam Garba, ta farkon da ta fito a watan Agusta 1995 disket 13 ce. Waɗanda suka biyo bayanta ne suka haura 20, wataƙila irinsu ka yi aiki da su. MS-DOS 6.22 kuwa 3 ce kacal. Abin takaicin ɗaya ne ko nawa ne: ka kai na kusa da ƙarshe ya ƙi karantuwa, ko a ɗauke wuta ba UPS.

Kuma a nan nake ganin maganar Kawun Sani tana da wani fanni da ba a taɓo ba. Wanda ya koya a kan irin wannan na'ura dole ya san cikinta. DOS 640 KB take ba manhaja, sai ka buɗe CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT ka yi ta dabara don ka samo 'yan kilobait. Ka sa had-dis biyu, sai ka saita jamfa, wannan babba wannan mabiyi. Ka sa katin sauti, sai ka san IRQ, wato lambar layin da kati ke kiran furosesa da shi, wanda ba kowa a kai. Ɗalibaina na yanzu akwai wanda bai san inda fayil ɗinsa yake zaune ba, ya dai san yana cikin waya.

Abba_Dev:
Malam, da girmamawa, wannan wahala ce kuka sha, ba ilimi ba ne dole. Direban yau ba sai ya iya wanke kafireto ba. Lokacin da kuka ɓata kuna neman kilobait, mu muna rubuta manhajar da mutum dubu za su yi amfani da ita.

Malam_Nasiru_Yaba:
Rubuta, Allah ya taimaka. Ranar da ta yi nauyi ta ƙi gudu a wayar mai shayin layinku, za ka nemo masu ƙirga kilobait.

Zainab_Apapa:
Ku kuna ta 486, mu 'yan zamanin kafe ne. Ka sayi tikiti na awa ɗaya, a ba ka 'yar takarda mai lamba, agogo na ƙirgawa a saman allo, shafin Yahoo na buɗewa layi-layi. Minti biyar ya rage sai ka ga kowa na rubutu kamar ana korarsa. Yayyena maza sukan tafi burawuzin na dare don ya fi araha kuma ya fi sauri, mu mata ba a bari. Lokacin cike bizar caca ta Amurka kuwa, tunda aka mayar da ita intanet a 2003, kafe ba masaka tsinke. Har aka cire Najeriya daga tsarin wani maƙwabcinmu bai fasa cikewa duk shekara ba.

Alhaji_Mudi_Mile12:
Zainab, kafin kafe ɗinku akwai modem na layin waya. Sai ya yi ta ƙara da shaƙewa kafin ya kama, in ya kama a gudun 33.6 ka gode Allah, 56 ɗin a kwali kawai muke ganinta. Wani ya ɗaga tarho a falo, shi ke nan ta yanke.

Ustaz_Agege:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni abin da ba zan manta ba shi ne wahalar buga Hausa. Mukan buga 'yan takardun wa'azi da katin ɗaurin aure da sanarwar Maulidi. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a kibod, babu su a font. Sai a buga da k da d da b, a fito da takardar, in zauna da baƙin biro mai tsini ina yi wa kowane harafi lanƙwasa da hannu kafin a kai hoto. Shafi ɗaya sai ya ci rabin awa, kuma dole ka tsallake wani. Daga baya aka samu wasu font na musamman, amma ka kai disket wata kwamfutar da ba ta da shi sai haruffan su rikiɗe su zama wasu alamomi. Larabci kuwa sai an sa Windows mai Larabci dungurungum. Sai da Unicode, tsarin bai-ɗaya na haruffan harsuna a kwamfuta, ta zauna muka huta. Saboda haka ni ba na kewar wancan zamani ta wannan fuska, ko kaɗan. Yau ina rubuta wannan da babban yatsa, haruffan duk suna nan.

Maman_Ummi:
Allah gafarta Malam, ashe ku ne masu kawo mana aikin biro! Mu ma mun yi.

Garba_IdiAraba:
Wa ya tuna fargabar shekarar 2000? Aka ce jirage za su faɗo, kuɗin banki za su ɓace.

Injiniya_Bala_Otigba:
Matsalar gaske ce, an dai kambama ta. Lamba biyu ake ajiye shekara da su, 99 ta wuce sai 00. Irin ta Sani da yawa sun wayi gari suna nuna 1980. Ka gyara kwanan wata da hannu ta ci gaba da aikinta. Mun samu ciniki a 1999 kam, ba ƙarya. Bayan nan ne ma na gida suka fito da ƙarfi, Zinox a 2001, ga Omatek.

Sani, ina hoton? Mun bar ka a baya.

Sani_Agege:
Afuwan Injiniya, gosulo ya riƙe ni a Oshodi. Makunnin yana kan 230. Batirin kuwa yadda ka faɗa, ganga ce shuɗiya, kuma akwai garin nan a ƙafarsa ɗaya, ya ɗan bazu kamar faɗin farce. Had-dis ɗin an rubuta 420 MB. Akwai kwalin disket guda biyu, wasu sun yi fumfuna. Sai dai magana ta canja: na karanta wa Kawu abin da Ɗan_Bola ya rubuta, yana jin zinariya ya sa aka kai ta ɗakinsa.

Ɗan_Bola_AlabaRago:
Hahaha! Ka gaya wa Baba ba ta kai ta ɗan kunne ba. Sai an tara da yawa take zama kuɗi.

Injiniya_Bala_Otigba:
Faɗin farce da sauƙi. A cire batirin yau, a goge wurin da ruwan khal da tsohon buroshin haƙori, a bi da sifirit, a bar shi ya bushe sosai. In hanya ta yanke ana ɗinke ta da siririyar waya. Monitan kuwa kada ka buɗe shi, yana riƙe wuta mai kisa ko an zare shi daga soket. Disket masu fumfuna kada ka soka su, za su ɓata kan na'urar.

Hauwa_Unilag:
Ko me za a yi, a cire had-dis ɗin kafin ta bar gida. Takardun mutane ne a ciki, wasiƙu da yarjejeniyoyi, amana ce.

Abba_Dev:
Wannan mai sauƙi ne, a sayi adafta ta IDE, wato mahaɗin tsohon had-dis, zuwa USB a kwashe a laftof. Kun ga dai ƙarshenta sai an dawo wajen na zamani.

Injiniya_Bala_Otigba:
Ba lallai ba, Abba. Had-dis masu wannan shekarun da yawa adaftar USB ba ta ganinsu, don da silinda da kai da sekta ake kiransu, ita kuwa adaftar sabon tsarin da ake kira LBA kawai ta sani. Sai an nemo tsohuwar madabod mai IDE. Ina da Pentium III a ƙarƙashin tebur saboda irin wannan ranar.

Malam_Nasiru_Yaba:
In ta tashi kuma Kawu ya yarda, ni ina so a ara mini ita mako ɗaya in kai aji. Masu tara irin waɗannan a Turai da Amurka kuɗi suke sawa a eBay, mu kuwa ko wurin da yaro zai je ya ga disket da idonsa babu a kusa.

Alhaji_Mudi_Mile12:
Ni dai ra'ayina a sayar wa Malam Nasiru kawai, kowa ya huta. Ajiya a Legas tsatsa ce.

Maman_Ummi:
A'a Alhaji, a bar wa mai ita. Injiniya, Pentium III ɗin nan taka tana da ramin disket mai aiki? Ina da wasu a akwati tun na Obalende, ba su yi fumfuna ba.

Injiniya_Bala_Otigba:
Ƙaramin yana aiki, Hajiya. Babban mai inci 5.25 ne ba ni da shi, sai in na Sani ya tashi. Ku zo Asabar kafin azahar, bayan nan layin namu ba ya shiguwa.